Aikin jinya a jirgin ɗaukar marasa lafiya: abin da za ki bincika kafin ki sa hannu

Tambaya: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata biyar a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Legas, muna zaune a Idi-Araba. Wani kamfani mai ɗaukar marasa lafiya a jirgin sama ya kira ni aiki, albashin ya fi wanda nake karɓa. Mama ta ce ba da yawunta ba, wai kullum jirgi faɗuwa yake yi. Don Allah aikin yana da haɗarin da take tsoro? Kuma yaya zaman ma'aikatansa yake?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sa alheri. Ki fara gaishe min da Mama, ki ce mata wadda ta shekara goma sha ɗaya a wannan aiki ta ce tsoronta ba laifi ba ne. Tawa mahaifiyar a Agege take, inda ƙarar jiragen Ikeja ke ratsa kwanon ɗakinta dare da rana, kuma sai da ta yi wata uku ba ta ce min uffan a kan aikin ba. Ba zan ce miki babu haɗari ba, domin akwai. Sai dai abin da Mama take hangowa, wato jirgi ya rikito daga sama, shi ne mafi ƙarancin aukuwa cikin abubuwan da ke cutar da mu. Waɗanda na ga aikin ya kwantar, ciwon baya ne ya kwantar da su, ko kunne, ko tsinin allura, ko gajiya, ko motar asibiti a titin Legas. Ko a faɗuwar jirgin ma, in kin bi diddigi, sau da yawa za ki tarar akwai wanda ya ga alama tun ana ƙasa, bakinsa ya yi nauyi.

Da farko ki san wa za ki yi wa aiki. Ba kowane kamfani da ya ce yana ɗaukar marasa lafiya a sama ne ke da jirginsa ba. Da yawa likitoci da ma'aikatan jinya da kayan aiki ne nasu, jirgin kuwa shatarsa suke ɗauka daga wani kamfanin. Wannan ba aibi ba ne, amma ki tambaya: jirgin na waye, wa ke riƙe da lasisin jigila na NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, wa ke gyara shi, kuma matuƙan nan su ne kullum ko yau wannan gobe wancan. In an ba ki amsa kai tsaye, alama ce mai kyau. In aka fara hanya-hanya, ana ce miki wannan ba ɓangaren ma'aikatan jinya ba ne, to ki sa ayar tambaya, domin ke za ki zauna a ciki.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: wa ke da ikon cewa ba za a tashi ba? A wurin aiki na ƙwarai ƙa'idar ita ce sai kowa ya yarda ake tashi, amma mutum ɗaya in ya ce a'a, an fasa, ko da shi ne ƙarami a tawagar, kuma ba a zaftare masa albashi ko a riƙa harararsa a ofis. Akwai wata ƙa'idar da za ki ga kamar rashin tausayi ce a farko: ba a gaya wa matuƙi halin da mara lafiya ke ciki sai ya gama duba yanayi ya yanke shawara. Ba a ce masa jariri ne, ba a ce masa mai naƙuda ce ke zubar da jini. Ana ce masa daga nan zuwa can, ƙarfe kaza, zai yiwu? Dalili shi ne matuƙi ma ɗan Adam ne, yana da 'ya'ya. In ya ji yaro ne, sai zuciyarsa ta fara ganin hazon bai kai yadda yake ba. A Amurka an biya wannan darasi da tsada: a shekarar 2008 kaɗai mutum 29 suka mutu a haɗarurrukan helikwaftocin ɗaukar marasa lafiya, kuma abubuwan da aka riƙa samu a bincike su ne tafiyar dare da mummunan yanayi da matsin lambar a kai mara lafiya ko ta halin ƙaƙa.

Na ga wannan matsi da idona. Wani watan Janairu mun je ɗauko wani dattijo daga wani gari a Arewa. Mun sauka lafiya da rana, kafin mu gama shirya shi a asibiti hazo ya rufe gari, daga bakin jirgi ba ka ganin ƙarshen titin tashi. Matuƙi ya ce sai gobe. Babban ɗan dattijon ya zo da babbar riga da wayoyi biyu, ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya ce zai ninka kuɗi, ya kira manya suka kira ofishinmu na Legas. Da ya ji ina Hausa sai ya dawo kaina: "Haba 'yar'uwa, ke ma kina da uba." Wallahi maganar ta soke ni. Na ce masa, "Alhaji, ina da uba, shi ya sa ba zan sa naka a jirgin da matuƙinsa ba ya ganin gabansa ba." Muka koma asibiti, ni da likita muka kwana a kan dattijon da kayan aikinmu. Kafin asuba Allah ya karɓi abinsa. Na yi kuka a ranar, har yau kuma in na tuna sai raina ya sosu. Amma ban taɓa cewa da mun sani mun tashi ba. Mu bakwai ne za mu shiga jirgin nan, har da 'ya'yansa biyu. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, mu a wurinmu maganar a zahirinta take.

Na ja wannan batu ne saboda tarbiyyarmu. Ni da ke an rene mu a kan kunya da kawaici: ba ka katse babba, ba ka gyara wa malaminka a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da ita, amma a cikin jirgi tana iya kisa. Haɗarin jirgin sama mafi muni a tarihi ya auku ne a ƙasa, a tsibirin Tenerif na Sifaniya a watan Maris na 1977, lokacin da manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan da ke zaune bayan kyaftin ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi ke nan ba wanda ya sake magana. Daga irin waɗannan abubuwa aka fara koya wa ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai faɗa wa babba gaskiya da yadda babba zai saurara, kuma yau darasi ne da ake maimaita mana kowace shekara. Ba rashin kunya ake koyarwa ba. Kira sunan mutum za ki yi, ki faɗi abin da kika gani, ki faɗi abin da kike tsoro, ki faɗi abin da kike so a yi, sannan ki jira amsa. In ba a amsa ba ki maimaita.

Ni sai da na kusa rasa mara lafiya kafin na koya. Ina sabuwa, mun ɗauko wani matashi da ya yi haɗarin mota, yana kan iskar oksijin lita goma a minti ɗaya. Jirgi ya sauka Ikeja wajen ƙarfe biyar na yamma, asibitin da za mu kai shi yana tsallaken gada. Ƙaramar silindar da muke ɗauka tana cin kimanin lita 680 in ta cika, wato a wannan gudu awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. Na duba ta motar asibitin da ta zo tarbarmu, na ga allurar ma'aunin ta yi ƙasa da rabi. Zuciyata ta ce ki yi magana. Amma likitan da nake tare da shi sa'ar babana ne, ya riga ya ce mu tafi, sai na yi shiru. Muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, muka tarar da cunkoso ya tsaya cak. Jiniya ba ta buɗe hanyar da babu. Ina kallon allurar tana sauka, muka koma kan ta motar, ita ma ta kama hanya. A ƙarshe da jakar hura iska nake matsa masa da hannu, yatsuna sun ƙage, lambar oksijin ɗinsa tana raguwa a kan na'ura, direba yana ta kutsawa. Mun isa da shi da rai, Allah ne ya yi. Da na gaya wa likitan cewa na ga silindar tun a filin jirgi, bai yi min tsawa ba. Cewa ya yi, "'Yata, da kin faɗa, minti biyar zai ɗauke mu mu sauya." Ya sa na rubuta abin da ya faru a littafin rahoto, aka karanta a taron ma'aikata ba tare da suna ba, daga nan aka sa dokar a lissafa iskar da tafiya ke buƙata daga gadon asibiti zuwa gadon asibiti, a ninka ta biyu, har da cunkoson Legas a lissafin. Haka ma batirin na'urar numfashi da na famfon allura.

Yanzu jiki a sama. Abin da kika sani a sashen gaggawa yana nan, amma sama tana sauya wasu abubuwa. Ko jirgi mai matsa iska a cikinsa, in ya yi nisa a sama, cikin nasa yana zama kamar kina kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. A wannan tsawo duk iskar da ke kulle a wani wuri tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ki tuna da ledar biskit da ke kumbura a jirgi, haka yake faruwa a jikin mutum. Ɗan iskan da ya taru a gefen huhun wanda ya karye a haƙarƙari, wanda a ƙasa ba ya damun kowa, a sama yana iya danne huhun gaba ɗaya, shi ya sa ake sa bututun ƙirji kafin a tashi. Haka iskar cikin hanji bayan tiyata, da ta cikin ƙoƙon kai bayan rauni, da 'yar balan-balan ɗin bututun numfashi da dole ki riƙa auna ta ana hawa ana sauka. Oksijin ma yana raguwa, don haka mai sikila da mai ƙarancin jini da mai ciwon zuciya sai an yi musu tanadi na musamman. Wani lokaci likita kan roƙi matuƙi ya riƙe cikin jirgi daidai da matsin ƙasa. Hakan na nufin tafiya ƙasa-ƙasa da ƙarin shan mai, kuma magana ce da ake gamawa tun kafin a kunna inji. Ke ma abin ya shafe ki: ranar da mura ta toshe miki hanci da kunne kada ki tashi, domin saukowa na iya fasa miki dodon kunne.

Na'urar sauraron ƙirjin nan da kike rataye da ita a wuya, a helikwafta ado ce kawai, ba abin da za ki ji. Da ido da hannu da na'ura ake aiki. Duk abin da za ki yi wa mara lafiya, ki yi shi a ƙasa: layin ƙarin ruwa biyu a jijiya, a ɗaure komai, a zuƙi magunguna a sirinji a rubuta sunansu. Cikin jirgin ya fi bayan Keke Napep faɗi da kaɗan ne, ba wurin neman jijiya ba ne.

Ƙarar kuwa tana cin kunne a hankali. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, cikin helikwafta da gefen jirgin da injinsa ke aiki sun wuce haka nesa. Ina da abokin aiki da yanzu sai ya juyo da kunnen dama in ana masa magana, don a shekarunsa na farko yana ganin toshe kunne ragwanci ne. Ki nemi a gwada jinki kafin ki fara, a riƙa maimaitawa duk shekara. Baya ma haka: ƙofar ƙananan jiragen nan ƙunci gare ta, ga tsawo, ga mutum mai kilo ɗari a kan gadon ɗauka tare da na'urori. In kamfani ba shi da abin da ake zurara gadon a kai, kuma ba ya tara isassun hannaye, ƙugunki ne zai biya. Kada ki ji nauyin cewa a ƙaro mutum.

Wurin da na fi jin tsoro a duk aikin shi ne ƙasa kusa da helikwafta, musamman in mun sauka a filin ƙwallon makaranta ko fegin da ba filin jirgi ba. Farfelar wutsiya tana juyawa da gudun da ido ba ya ganinta. Ba a zagayawa ta baya, ko da wasa. Ta gaba ake zuwa, inda matuƙi ke ganinki, sai ya ba ki alama, kina sunkuye, ba abin da kika ɗaga sama da kanki, ko sandar rataya ruwa ce. In wurin gangare ne, ta ɓangaren ƙasa ake bi, don ta tudu babbar farfela ta fi kusa da kai. Ga kuma abin da littattafan Turawa ba su faɗa ba: hula da mayafi da babbar riga. Iskar farfela tana fizge hula, kuma duk namijin da hularsa ta tashi, ƙafarsa bin ta take yi kafin hankalinsa ya dawo. Na taɓa cafke hannun wani bawan Allah da ya zabura zai bi zannarsa, ta nufi wutsiya. Tun daga ranar, kafin jirgi ya sauka nake tara dangi in ce musu da Hausa: a cire hula a riƙe a hannu, mata a ɗaure mayafi, abin da ya tashi a bar shi ya tafi, yara a riƙe su. Wannan na cikin amfanin da za ki yi wa tawagarki wanda wani ba zai iya ba, domin da yawa daga marasa lafiyar da ake kawowa Legas daga Arewa suke, kuma mutum cikin tashin hankali da harshen uwarsa yake ji.

Ke kanki hijabinki ya zama gajere mai kama kai, a cusa shi cikin rigar aiki, ba mai jan ƙasa ba. Ki zaɓi na auduga, har da kayan ciki, domin yadin roba in ya ji wuta narkewa yake ya manne da fata. Sannan ki kiyayi basilin. Lokacin hunturu kowa yana shafe hannu da leɓe da shi, alhali maiƙo da oksijin mai matsi ba sa haɗuwa, wuta suke tayarwa. Kada ki taɓa kan silinda da hannu mai maiƙo, kada ki bar dangi su shafa wa mara lafiya a leɓe yana kan iska. Turare mai ƙarfi ma a bar shi a gida, cikin jirgi a rufe yake, yana tayar da zuciya. Kaya kuma matuƙi ne mai magana ta ƙarshe: in ya ce jaka ɗaya da ɗan rakiya ɗaya, lissafin nauyi ya yi, ba wulaƙanci ba ne, ke za ki fassara wa dangi wannan da lafazi mai daɗi.

In kamfanin yana zuwa rijiyoyin mai na cikin teku, wajibi ne su tura ki horon kuɓuta daga helikwafta a ƙarƙashin ruwa. Ana sa ki a wani akwati mai siffar jirgi, a ɗaure ki da bel, a nutsar da shi a tafki, a kifar da shi. Helikwafta nauyinsa a sama yake, shi ya sa in ya faɗa ruwa yakan kife. Ana koya miki ki dafa taga da hannu ɗaya, ki jira juyawar ta tsaya, ki ture tagar, sannan ki kwance bel, kuma kada ki hura rigar ruwa sai kin fita. Mu 'yan Arewa da yawanmu ba mu iya iyo ba, ni ma sai da na je na koya a wurin da mata ke koyarwa. Mutanen Legas ba su manta da helikwaftan da ya faɗa ruwa a Oworonshoki a watan Agustan 2015 ba, yana dawowa daga rijiyar mai da mutum 12, shida suka rasu. Ba na marasa lafiya ba ne, amma ruwan ɗaya ne muke bi ta kansa.

Sai cututtuka. A ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed ɗauke da Ebola, kuma jami'in da ya tarbe shi yana cikin waɗanda suka rasu. Dakta Stella Adadevoh, a asibitin da aka kai shi a Obalende, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu a watan Agusta, amma a'ar da ta ce ta tsare garin nan mai miliyoyin mutane. A watan Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Ina kawo ta a duk lokacin da nake horar da sababbi. Mu abin da ya fi zuwa mana shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ke tashi da rani, da tarin fuka da sanƙarau. Asibitin da ke son rabuwa da mara lafiya wani lokaci ba ya faɗin komai, sai a ce miki maleriya ce ta ƙi jin magani. Ki yi tambayoyinki da kanki: kwana nawa yana zazzaɓi, akwai zubar jini, wani ya yi irin ciwon a gidan? A jirgi ba tagar buɗewa, kuma matuƙa suna shaƙar iskar da kuke shaƙa. Ki cika allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku kafin ki fara. In allura ta soke ki, wanda yakan faru in jirgi ya yi girgiza, ki wanke, ki faɗa nan take. Maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, gwamma a awannin farko, a sha kwana 28. Ki tambaye su ina ake ajiye shi in abin ya faru da tsakar dare a wani gari.

Zaman ma'aikata kuwa, yawancinsa jira ne. Kina iya kwana uku kina duba kaya, kina cajin batir, kina karanta ranar lalacewar magani, waya ba ta yi ƙara ba. Rana ta huɗu a kira ki ƙarfe biyun dare. Tafiyar da aka ce awa shida ce tana iya zama kwana biyu, domin filayen jirgi da yawa a ƙasar nan ba sa aiki bayan faɗuwar rana, ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, ga hadarin damina da ke tasowa Legas ba sallama. Jakata kullum a shirye take: kaya na kwana biyu, caja, dabino, darduma 'yar ƙarama. Daga Idi-Araba zuwa Ikeja da dare ba nisa, amma da safe ko yamma ta Oshodi kin san yadda take. In suna son ki iso cikin minti arba'in, to su ba da ɗakin kwana kusa ko mota. Kada ki yarda ki riƙa hawa okada da tsakar dare don ki cika musu alƙawari.

Gajiya ita ce abin da aka fi rainawa. Matuƙa doka ta ƙayyade musu awannin aiki da na hutu, in sun cika sun cika. Mu ma'aikatan lafiya sau da yawa ba mai ƙirga mana, sai a sauya matuƙi a bar ki ke da kika kwana a tsaye. Mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da hannunsa sun yi rauni kamar na wanda ya ɗan sha abin maye, kuma ke ce mai lissafin maganin da kuskuren ɗigo ɗaya a cikinsa ke tsayar da zuciya. Ki nemi su nuna miki a rubuce awa nawa ne iyakar duti, awa nawa ne hutu bayansa.

Salla ba ta taɓa gagarata ba. Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli, abokan aikina waɗanda ba Musulmi ba ma sun san in mun sauka mun miƙa mara lafiya zan nemi minti goma. Azumi ne ke son shawara, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan jiki. Ni in tafiya mai nisa ce da mara lafiya mai tsanani, nakan ɗauki rangwamen da Allah ya yi wa matafiyi a Suratul Baƙara in rama daga baya; ki zauna da malaminki ki bayyana masa yanayin aikin dalla-dalla. In kina da aure ko kina shirin yi, maigida ya san tun yanzu cewa za a yi suna da biki ba ke, wata Sallar ma a wani gari za ta same ki. In kika samu juna biyu ki faɗa da wuri a mayar da ke aikin ƙasa. Sannan akwai nauyin zuciya. Waɗanda ake ɗauka a jirgi su ne waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, wasu za su cika a hannunki tsakanin sama da ƙasa, uwa ko mata tana zaune gwiwarta na taɓa taki. Wurin aiki na ƙwarai yana zaunar da tawaga bayan irin wannan a yi magana. In kika ga barci ya ƙaurace miki, ko fuskar wani ta ƙi barin idonki, ki faɗa wa wani, kada ki haɗiye.

Takardu kuma kada kunya ta hana ki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wanda ke biyan diyya in ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, daga aljihunsa, ba daga naki ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ya yi miki inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da kike samu a shekara ba, ya zuba kashi 10 a fanshonki ke ki zuba 8. Ki ce a nuna miki takardar inshorar ki karanta da idonki, domin da yawa suna cire haɗarin jirgin da ba na fasinja na yau da kullum ba, wato daidai irin wanda za ki riƙa shiga. In an ce ke 'yar kwangila ce da ake biya kowace tafiya, ki gane abin da hakan ke nufi: ranar da kika ce a'a ba ki da kuɗi, kuma wannan tsari shi ne ke sa mutane yin shiru. Shekara biyar ɗinki a sashen gaggawa tushe ne mai kyau. In kin samu dama ki ƙara da wata shida ko shekara a sashen kulawa ta musamman, don ki saba da na'urar numfashi, lasisinki na Majalisar Jinya da Ungozoma kuma ya kasance bai ƙare ba.

Mama kuwa kada ki yi mata gardama, kuma kada ki tafi ba da albarkarta ba. Ki zauna ki gaya mata duk abin da na faɗa, har da marasa daɗin. Abin da ya sauko da tawa shi ne ranar da na ba ta labarin wata mai jego da muka ɗauko, da yadda uwarta ta riƙe hannuna da ta ji na yi mata sannu da Hausa. Ta yi shiru, sannan ta ce in ɗaure raƙumina kafin in yi tawakkali, ta kuma sa min sharaɗi: duk inda na sauka in kira ta. Har yau ina kira, ko ƙarfe nawa ne, in ce "Mama, mun sauka," ta ce "Alhamdu lillahi," ta kashe.

Ranar da za ki je ganawa da su, ki roƙi a bar ki ki yi magana da wata ma'aikaciyar jinya tasu ba a gaban manaja ba, ki tambaye ta yaushe rabon da a fasa tafiya don wani ya ce a'a, kuma me ya biyo baya. Ki ce a nuna miki ɗakin da masu duti ke kwana da inda ake ajiye silindu. Sannan ki nemi littafin da suke rubuta kurakurai da abubuwan da suka kusa faruwa, ki buɗe shafin ƙarshe ki duba kwanan watan da ke kai.